Ranar da Inna ta yi wa majalisa sallama

Mijin Yayata konseye ne, wato kansila, a majalisar gundumarmu, kuma duk faɗin Yamai ban san mai murya irin tasa ba. In yana ciniki a Petit Marché, mahautan da ke can ƙarshen layi sun san abin da za a dafa a gidansa. Ana cewa a zaman majalisa yakan buga tebur har kofunan shayi su yi tsalle. Mu dai labari muke ji, don a lokacin babu mai aikin yi da zai je meri, ofishin magajin gari, ya zauna kallon manya suna gardama.

Amma mutumin nan da ya taka zauren gidanmu sai ya zama wani daban. Takalmi a hannu, ido a ƙasa, ya durƙusa tun daga nesa yana gaisuwa da wata siririyar murya da ban san inda yake ajiye ta ba sauran ranaku. Inna kuma tana amsawa daga bayan labule. Ita ƴar Damagaram ce ta ainihi, shi kuma mijin ƴarta ta fari. Tun da aka yi auren ba su taɓa haɗa ido ba, bai taɓa kurɓar ruwa a gabanta ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakinta ba. In dole ta yi maganarsa sai ta ce "mutanen can".

Damuwarmu a shekarun nan ɗakin Inna ne. Layinmu gangare ne, duk damina ruwan unguwa yakan taru ya zo ya doki bangon ɗakinta kafin ya nemi hanya. Babanmu ne ya gina shi da tubalin ƙasa farkon zuwansu birnin, da hannunsa. Bayan rasuwarsa an sake sauran gidan da siminti, ita ta hana a taɓa nata. Bangon ya tsage har ana hango haske ta ciki. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce ta dawo wurina Kirkissoye, ta ce ita ba ta tsallaka kogi ta bar ɗakin mijinta. Abin da ya rage shi ne majalisa ta yarda a haƙa magudana a layin kafin ruwa ya sauko, kuma mijin Yaya ya yi alkawarin zai tsaya a kai.

A daidai lokacin ne magajin gari ya tashi da ra'ayin cewa dole talakawa su ga yadda ake yi musu aiki. Yadda za a nuna ɗin ma sai da ya cinye zama guda. Wasu suka ce a sa a rediyo, masu sababbin riguna suka ce rediyo ba ta nuna mutum. Wani ya ce a ɗaura lasifika a kan rufin meri, aka tuna akwai masallaci a kusa, kuma ba duk abin da konseye ke faɗa ne ya dace da kunnen liman ba. Wani ya kawo shawarar a ajiye babbar talabijin a ƙarƙashin itacen bakin ƙofa, sai aka rasa wanda zai tsare ta. Daga ƙarshe aka sayo ƙarfe mai ƙafa uku, aka ɗora salula a kai, aka ce duk mai intanet ya kalla kai tsaye, har ya rubuto saƙo sakatare ya karanta.

Abin da ya biyo baya ni kam ya ba ni dariya ba kaɗan ba. Teloli suka sha aiki. Waɗanda suka saba barci a zama suka koma sa baƙin tabarau. Wani dattijo duk sanda aka ba shi magana sai ya fara da gaida mutanen garinsu gida gida, kafin ya iso kan batun shara lokacinsa ya ƙare. Mijin Yaya kaɗai bai sauya ba, yana ta tsawa kamar kullum, har mutane suka riƙa shiga don shi.

Ranar da za a yi maganar magudanarmu na tsallako gada tun da hantsi, na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Inna, na jingina salulata da kwanon sha. Ina so ta ga ana yi mata yaƙi. Ta matso ta ƙura ido, ta ga maza jere a kan kujeru.

"Auta, suna ganinmu?"

"Ba sa ganinmu, Inna. Mu ne dai muke ganinsu."

"Sun san muna nan?"

Na ce a'a. Sai ta ja baya ta gyara mayafi.

"To laɓe ke nan. Ni da girmana ba na yi wa mutane laɓe. Ki yi musu sallama."

Na ce, "Inna, ba a yin sallama a nan. Mutane ɗari ɗari ke kallo, kowa shiru."

"Su ta shafa. Wanda ya haife su ya san tarbiyyar da ya ba su. Ko ki yi sallama ko ki ɗauke abinki."

Wanda ya san Inna ya san an gama magana. Na rubuta cewa Hajiyar layin gangare tana yi wa majalisa sallama, tana gaida kowa da aiki. Ina fatan saƙon ya nutse cikin sauran. Sai dai sakataren mutum ne mai son a san yana aiki, kuma ya san gidanmu. Daidai lokacin da mijin Yaya ya miƙe, ya naɗe hannun riga, ya ja numfashi, sai sakatare ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, dakata kaɗan. Surukarka ce ta shigo, tana sallama."

Da idona na ga mutumin nan ya saɓule takalmi a ƙarƙashin tebur. Ya sauke hannun rigar, ya sunkuya har hularsa ta kusa taɓa mikro, ya amsa sallamar da siririyar muryar nan ta zaure. Ya tambayi lafiyar gida, ya tambayi ƙafa, ya tambayi zafi. Inna kuwa tuni ta juya wa salular baya ta ja mayafi ta rufe fuska, tana amsawa, "Lafiya lau, madalla," kamar yana jin ta.

Magajin gari ya ce, "Alhaji, muna saurarenka a kan kanibo, magudanar layin gangare."

Ya ce, "E to, ranka ya daɗe, duk yadda manya suka gani."

Wani konseye da ke son a kai aikin layinsu ya miƙe ya yi ta zuba. Ya ce layinmu ba ya cikin gaggawa, ruwan ma albarka ne. Da wata rana ce, da mijin Yaya ya cinye shi ɗanye. Ranar kuwa yana zaune ya haɗa gwiwoyi, gumi na bin wuyansa, ko ruwan da ke gabansa ya kasa ɗauka. Aka ɗage maganar zuwa zama na gaba. Inna ta ce, "Mutanen can akwai kunya, Allah ya yi musu albarka."

Ni kuwa raina ya ɓaci har na kasa cin abincin rana. Na kira mijin Yaya na ce, "Yaya, ɗakinta ne fa. Don ita kake magana."

Ya ce, "Na sani. Amma ta yaya zan buɗe baki in yi ihu tana zaune? Ki ce in yi tsirara a kasuwa ya fi mini sauƙi."

Na ce to zama na gaba ba za mu kalla ba. Ya ce ai yanzu ko ba a karanta saƙo ba zuciyarsa za ta riƙa ce masa tana nan. Na koma na zayyana wa Inna komai ba tare da na sassauta ba: kunyarta da kunyarsa sun taru za su rushe mata ɗaki. Ta juya tana kallon tsagar bangon. Ba ta ce na yi gaskiya ba, don ba ta taɓa ce mini haka ba.

Zama na gaba ya zo hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Ita da kanta ta aiko in zo da salular. Ta sa na rubuta sallama, sakatare ya karanta, mijin Yaya ya fara laluben takalmi. Sai ta ce, "Yanzu ki rubuta: na tashi, zan shiga maƙwabta barka, sai an jima. A ci gaba da aiki."

Na ɗauka dabara ce kawai, za ta zauna mu saurara tare. Ashe da gaske take. Ta ɗauki sandarta ta fita, don ita ba ta cewa ta tashi alhali tana zaune. Babu wata barka a maƙwabta, can ƙarshen layi ta je ta zauna wurin mai tuyar ƙosai, inda ko amo ba zai kai mata ba.

Ban taɓa jin tsawa irin ta ranar ba. Ya mai da takalminsa, ya buga tebur har salular meri ta karkace, rabin jawabin silin muke kallo da fanka. Ya kira tsagar bangon, ya kira wanda ya gina shi, ya ce a layin nan akwai tsohuwar da ba ta taɓa roƙon hukuma komai ba, ko yau ma sallama kawai ta yi ta tashi. Ina zaune ni kaɗai a tabarma ina dariya, sai na ji hawaye na zubo mini. Aka amince da magudanar.

Amincewa daban, haƙa daban. Aka ce ba a fara aiki cikin damina, da an yanke tun zaman farko da an samu an yi. Cikin watan Agusta, da rana tsaka, Inna na tsakar gida tana tsintar shinkafa, bangon ya kwanta, rufin ya bi shi. Ba ta ji ciwo ba. Mijin Yaya ya ce ta koma gidansa, muka ce ya rufa wa kansa asiri, in ba so yake ya ƙare rayuwarsa yana cin tuwo a cikin mota ba. Haka ta tsallaka kogin da ta rantse ba ta tsallakawa, ta dawo wurina, da akwatinta da ƙyauren ƙofar ɗakin, wanda ta ce ba a barin shi.

Bayan ruwa ya ɗauke aka haƙa magudanar, mai kyau kuwa, da murfin siminti. Tana nan tana wucewa ta gefen filin da ɗakin yake a da.

Wata rana muna zaune Inna ta ce, "Auta, da gaske ne mutanen can sun buga tebur saboda ni?"

Na ce, "Har salula ta karkace. Ai zaman yana nan ajiye, bari in kunna miki."

"In na yi sallama za su amsa?"

"A'a, Inna, wannan ya riga ya wuce."

Ta ce, "To bar shi." Sannan ta ce in faɗa mata da bakina abin da ya ce game da Babanmu, kuma kada in ɗaga murya.