Tankin da Ke Ƙarƙashin Motar Yaya

Tun shekarar da ɓarin jikin Baba ya shanye, abin da ya fi ci masa rai shi ne gonarsa ta bayan Tsiga. Kaka biyu suka wuce bai ga an karya masararsa ba. Ba ya iya zama a kujerar mota, balle a kan babur. Ana nan sai yayana, wanda ke harkar hatsi a Funtua, ya dawo daga Legas da wata doguwar mota 'yar Kwatano, irin wadda Turawa ke yawon buɗe ido da ita. Akwai gado a ciki, da ɗan kwamin ƙarfe na wanke-wanke, da wani lungu na wanka. Ya ce bana Baba zai je gona a kwance, ya ga amfaninsa da idonsa.

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma na san Yaya. Mutum ne da in ya sayi abu ba ya tambayar yadda ake amfani da shi, don a ganinsa tambaya faɗuwa ce.

Kafin masara ta bushe sai ya ce a gwada motar. Mako uku muna bin kasuwanni da ita, Dandume yau, Kafur gobe, shi yana sayen hatsi, ni ina yi masa girki a ciki. Na tace kamu a kwamin nan, na zubar da ruwan tsari, na wanke busasshen kifi, na ɗauraye tukunyar miyar kuka da daddawarta da manjanta. Ruwa yana shiga rami ya ɓace. A gidanmu in ka zuba ruwa yana bin kwata ya fita waje, don haka ban taɓa tunanin leƙa ƙarƙashin mota ba. Shi ma bai leƙa ba.

Ranar da aka fara karyar masara, motar ta kwana huɗu a rufe a tsakar rana. Aka yi wa Baba wanka, aka sa masa farar riga, maza biyu suka ɗauko shi. Ana buɗe ƙofa wani wari ya tarye mu, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai a cikin tsohon koko. Duk da haka suka cusa shi ciki. Bai yi minti biyu ba ya fara dukan bango da hannunsa mai lafiya.

“Masai kuka kawo ni? A nan zan yi salla? Wallahi ba zan ƙara shiga motar nan ba.”

Aka maida shi ɗaki, ya juya fuska bango.

Daga nan aka shiga neman mai laifi, kuma ba a wahala ba, aka same ni. Yaya ya ce tabbas na manta da wani abinci a lungu. Ni da ko cokali ba ya kwana da maiƙo a hannuna! Na fito da komai na shanya, na goge har rufi. Wari yana nan. Ya ce to ɓera ne ya mutu a bayan katako, ya kira kafinta ya ɓalle rabin bango, ba a ga ko wutsiya ba. Matarsa ta kawo kasko da turaren wuta mai tsada, ta rufe tagogi ta turara. Wannan shi ne mafi muni, don warin bai tafi ba, sai dai ya auri ƙamshin. Wani abokinsa ma cewa ya yi a binciki tarihin motar, wa ya san abin da aka taɓa ɗauka a ciki.

Kwana shida ana wannan shirme, masara kuwa ana ta karya. Kullum da safe Baba sai ya tambaye ni an kai ina, in ce masa da saura, ban ma san ko gaskiya nake faɗa ba.

Ran na bakwai na daina jiran Yaya. Na aika aka kira mai gyaran famfon unguwarmu, wani Inyamuri haifaffen Funtua da ya fi ni iya baƙar magana. Bai ko shiga ciki ba. Ya shinshina, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ya ƙwanƙwasa wani abu, ya ce in sunkuyo. Tanki ne shimfiɗaɗɗe, cike taf, da ɗan makunni a gefensa da bai fi babban yatsa ba.

“Hajiya, yaushe rabon da ku buɗe wannan?”

Na ce buɗe me. Ya yi dariya har da tari.

Muka kai motar bayan gari ya murɗa makunnin. Abin da ya fito ba zan kwatanta shi ba, amma na gane kamuna, na gane manjana. Ya sa na tafasa ruwa tukunya uku da kanwa da garin sabulu, muka ɗura, direban Yaya ya zaga da motar kan hanya mai gargada don ruwan ya wanke ciki, muka zubar, muka sake har sau uku. Ya nuna min lanƙwasar bututun da ke ƙarƙashin kwamin, ya ce ɗan ruwan da ke tsayawa a nan shi ke tare wari, in ya bushe ko ramukan hanya suka zubar da shi to ƙofa ta buɗe, don haka in riƙa zuba kofi ɗaya ina toshe ramin in za a yi tafiya. Ya ce in sa mataci a bakin ramin, in goge maiƙo kafin wanki, ruwan kamu kuwa in bai wa awaki. Tanki kuma kada ya kwana da ruwa. Aikin yini ɗaya ke nan. Da Yaya ya zo ya ji, cewa ya yi dama ya yi zargin haka. 

Na je na gaya wa Baba mota ta yi fes. Ya ce ya ji, amma ya riga ya rantse. Na roƙe shi, na yi fushi, na yi kuka, ya ce shi bai taɓa karya rantsuwa ba, ba kuma zai fara a kan gado ba. Sai da limamin masallacinmu ya zo ya zauna da shi, ya ce a ciyar da miskinai goma shi ke nan. Nan ma ya ce sai ya yi tunani. Tunanin ya ci kwana biyu. Na dafa shinkafa da wake na raba da hannuna, ina rabawa ina cizon leɓe.

Muka kama hanya da hantsi. Baba ya shinshina ko'ina bai yi ƙorafi ba, wanda a wurinsa yabo ne. Muna gab da isa ya ce in taimaka masa ya yi alwala, na riƙe masa buta a kan kwamin.

Da muka tsaya na ɗaga labulen taga. Gona fayau. An gama tun shekaranjiya, an kwashe buhuna, shanun makiyaya suna cin kara. Yaya ya sani, bai iya faɗa ba, ya tsaya a waje yana danna waya.

Baba ya daɗe yana kallo. Na ce a sauko da shi ko ƙarƙashin ɗorawa ya zauna ya sha iska. Ya girgiza kai.

“In zauna in ga me? Mu koma.”

Kafin direba ya tayar, na sauka na zagaya na durƙusa na murɗa makunnin, kamar yadda aka koya min. Ruwan bai fi cikin buta ba, ƙasa ta shanye shi nan take. Baba bai ƙara ganin wata kakar ba, kuma ruwan alwalar nan shi kaɗai ne abin da ya taɓa gonar daga jikinsa.