Ayabar Tsohon Biri

Kwanaki ina tsaye gaban kejin birai a gidan zu, sai na ga mai kula da su ya rataye ayaba can sama, wani tsohon biri yana ta miƙa hannu da ƙyar.

Na ce, "Kai ɗan nan, ba ka jin tsoron Allah? Miƙa masa mana!"

Ya yi dariya ya ce, "Mama, a daji bishiya yake hawa. A keji in na sa masa a baki, kafaɗar sandarewa za ta yi."

Sai na tuna da kaina. Ni da ɗaura ɗankwali ya fara gagarata, hannun ba ya kaiwa ƙeya. 'Ya'yana kuma don tausayi komai a gabana suke ajiyewa.

Muna komawa unguwarmu Dilimi na ce a rataye min carbina a ƙusa can sama. Suka yi ta mita.

Yau ni na ɗaura ɗankwalina, a karkace dai, amma ni na ɗaura. Jikata mai rubuta min wannan tana ta dariya, wai biri ne likitana.

Ku masu tsofaffi a gida, ina kuke ajiye musu ayabarsu?