Fuskar Bushiya

Ran kasuwar Kurfi, Maniru tela yana cikin rumfarsa yana taka keke, ihun yara ya hana shi sakat. Bushiya suka kamo a gonar gyaɗa, ta dunƙule, suna ta tsoma ta cikin kwatarniyar ruwa don dole ta fito da kai. Ya zaro tsumagiya ke nan, wani baƙo ya riga shi isa wurin.

Dogo ne, ramamme, rigar saƙinsa ta sha faci, diddigensa duk faso. Hannunsa na hagu babu yatsu biyu. Maharbi ne da ya ajiye baka? Ko makiyayi ne da garkensa ya ƙare? Maniru dai bai taɓa ganinsa ba.

Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya tsuguna, ya ɗora bushiyar a tafin hannunsa, sai ka ce ƙayar ba ta sukarsa.

"Fuskarta kuke son gani, samari? To ku yi shiru. Tsoro ne ke rufe ta."

Suka yi tsit. Can sai ga ɗan baƙin hanci ya leƙo yana shinshine-shinshine, sannan ƙananan idanu biyu. Yaron da ya fi kowa tsoma ta ya ce cikin raɗa, "Baba, ashe kyakkyawa ce."

Baƙon ya sa masa ita cikin hula. "To kai za ka maida ta gida."

Maniru ya dubi tsumagiyar da ke hannunsa, ya lallaɓa ya cusa ta bayan keke tun wani bai gani ba.