Randunan Inna a Ƙarƙashin Siminti

Da ana dawo da rana guda, da na dawo da ranar da na farfasa randunan mahaifiyata. Guda shida ne, da hannunta ta gina su. Bayan rasuwarta na rushe ɗakin ƙasa a Orozo zan yi na bulo, sai birkila ya ce ciko bai isa ba. Na dubi randunan, na dubi durom ɗin roba da na sayo a Wuse, na ɗauki taɓarya. Tsingaron muka zuba aka malala siminti a kai. A ɗakin nake kwana har yau.

Bara 'yata, wadda ke koyarwa a cikin gari, ta matsa sai ta kai ni gidan adana kayan fasaha na ƙasa. Muka shiga, sanyi kamar asibiti, mutane na tafiya a hankali suna raɗa. Na daɗe gaban wani zane ina karkata kai, ban gane mutum ne ko saniya ba. Na tambaye ta me ake sayarwa a nan, ta ce kallo kawai ake yi.

A ɗaki na uku na ga randa cikin gilashi, an haska mata fitila. Ba ruwa, ba moɗa. Wuyanta da zanen totuwa layi biyu, ga ƙadangare yana bin cikinta. Haka Inna take yi, amma haka matan garinmu da yawa suke yi. Abin da ya ware nata, takan dangwala babban yatsa sau uku a cikin bakin, inda ido ba ya kaiwa. In an gama gasa tukwane, mu ake turawa mu laluba mu fitar da nata.

Na miƙa hannu, na ci karo da gilashi. Mai gadi ya matso.

"Baba, ba a taɓawa."

Na ce masa yatsa ɗaya zan sa, ta ciki. Ya ce ko oga sai da safar hannu yake taɓawa. Na sa 'yata ta karanta mini 'yar takardar da ke gefe. Ta ce an rubuta daga yankinmu take, amma ba a san wadda ta gina ta ba.

Kaina ya ɗaure. Irin abin da na sa wa taɓarya ne aka ba mai gadi da fitila, kuma ba a shan ruwa a ciki. To su ne ba su san amfanin randa ba, ko ni ne?

'Yata ta ce in muna da guda a gida, sai a kawo a gwada, wataƙila a rubuta sunan kakarta.

"Baba, ina na Kaka suke?"

Na ce damina ta cinye su. Sai a mota, mun kusa gida, na faɗa mata gaskiya. Da muka sauka ta wuce ɗakina kai tsaye. A ɗakin ta tsuguna ta dafa simintin, ta tambaye ni ta wane gefe aka zuba. Wallahi na kasa tunawa.

Har yau ban sani ba ko randar cikin gilashin ta Inna ce. Mai karatu, in wata tsohuwa ta bar maka abin da ta yi da hannunta, ko ka raina shi, don Allah ka tura shi bayan ɗaki ka bar shi. Kada ka ɗauki taɓarya.