Ranar da Kwamfuta Ta Ce Lafiya, Kogi Ya Ce A'a

Akwai ranar da ba ta fita raina, kuma tun yanzu in gaya muku, ni ne wawan labarin. Iyakar bokona firamare, kwamfuta kuwa da furfura na koye ta, a ofishin ƙungiyar manoman shinkafa a Haɗeja.

Muna da ma'auni a bakin kogi. Kullum da safe wani ɗan rubutun umarni a kwamfuta yana ɗauko awon ruwa, in ya wuce ƙa'ida ya aika wa manoma saƙo. Sai shugabarmu, Injiniya Falmata, ta ce a riƙa adana duk abin da rubutun ya faɗa. Na ce a bar mini. Na jona masa wani umarni da ake kira tee, mai kwafe magana ya ajiye. Tun daga nan kullum allo sai ya ce an yi nasara. Har tafiyata ta canza.

Cikin Agusta Sarkin Ruwa Maikuɗi ya bugo daga wajen Guri. "Malam Garba, ruwa na lasar jinga, ba mu ga saƙonku ba."

Na ce, "Sarki, kwamfuta ta ce lafiya."

Ya ce, "To zo ka gaya wa wandona."

In jingar da ke tare ruwan kogin ta fashe, shinkafar ƙauyensu gaba ɗaya ta tafi. Na kai wa Injiniya maganar. Ta duba rubutun, ta ce, "Baba, in ka jera umarni biyu haka, na ƙarshe kaɗai ake tambaya ko ya yi nasara. Mai ɗauko awon ya daɗe yana faɗuwa, shi kuwa tee aikinsa kwafa, ko ba komai ya kwafa zai ce lafiya."

Ta sa na rubuta set -o pipefail a sama, don in ɗaya ya faɗi a ce duka sun faɗi. Sannan 2>&1, don ƙorafin umarnin ma ya shiga ajiya. Muka sake kunnawa, nan take ya fallasa cewa batirin ma'aunin ya mutu. Ban taɓa murnar ganin kuskure irin ta ranar ba.

Aka garzaya da batiri a babur, awo ya zo, saƙo ya fita. Kafin la'asar ƙauyuka sun fito da buhunan yashi. Jinga ta tsaya, shinkafa ta tsira.

Abin da na koya, aikin da bai taɓa kawo ƙara ba a tuhume shi. Yanzu duk rubutun da na yi, sai na zare waya da gangan in ga ko zai yi kuka.

Da kaka Maikuɗi ya leƙo ofis. Na gyara hula na ce, "Sarki, ka ga yadda kwamfutata ta ceci gonarka?"

Ya ce, "Na gani, Malam. Buhun yashi nawa ta ɗauka?"