Gilashin da Malam Habu Ya Kira Makaho

Ina Kadawa, ina yi wa wasu manoma hoton fasfo a jikin wani bango, sai wayata ta yi ƙara. Auwalu ne, babban ɗan maigidana Malam Habu Mai Hoto. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Yaya Nasiru, Baba ya cika yanzun nan. Bayan la'asar za a kai shi." Na yi ta maimaita inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, har manomin da ke tsaye gaban kyamara ya taya ni, alhali bai san wanda ya rasu ba. Na hau babur na nufi Kura. Hagu da dama shinkafa ta nuna ta sunkuyar da kai, kuma ganinta ne ya ɓalle mini hawayen da nake riƙewa, domin ita Malam yake jira tun bara.

A hannunsa na koyi sana'a, a ɗan shagonsa na kusa da kasuwa, tun lokacin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu. Da zamani ya juya aka daina amfani da fim, yawancin masu hoto sun tattara tsofaffin kyamarorinsu sun miƙa wa 'yan gwangwan. Malam bai yarda ba. Ya ce gangar jikin ce ta tsufa, amma idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaurawa a gabanta, ba ya tsufa sai in an wulaƙanta shi. Haka ya riƙa bin tsofaffin abokan sana'a yana karɓo gilasansu, yana nemo zoben ƙarfen nan da ake kira adafta, wanda ke haɗa tsohon gilashi da kyamarar zamani. In bai samu adaftar da ta dace ba, sai ya zauna a kan mai gogar ƙarfe har sai an fitar masa da ita. Mukan tsokane shi da cewa ya buɗe gidan tsofaffi a cikin akwati. Sai ya ce, "Ku bari ku tsufa tukuna, ku ga ko za ku so a jefar da ku ba a gwada ku ba."

Gwajin nasa ma nasa ne shi kaɗai. Ba ya auna kaifin gilashi da rubutun jarida ko da fuskar mutum. Da ƙaiƙayi yake aunawa, 'yan siraran gashin nan da ke jikin ƙwayar shinkafa, waɗanda duk wanda ya taɓa shiga gona da kaka ya san su a wuyansa. Idan shinkafa ta nuna, sai ya ɗauki akwatinsa zuwa gonar amininsa Malam Isyaku da ke bakin kanal, ya kafa kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, da hantsi, kafin iska ta tashi. Zangarniya guda yake zaɓa, kowane gilashi ya kalle ta daga wuri guda. Tsofaffin gilasan nan ba sa saita kansu, da hannu ake murzawa, ido kuma shi ne alƙali. Yakan ce, "Gilashin da bai nuna maka ƙaiƙayi ba, kwalba ce kawai." Kuma ba ya yarda a gwada wannan yau, a gwada wancan gobe, don a ganinsa hakan rashin adalci ne.

Bayan gwaji yakan manna wa kowanne 'yar takarda ya raɗa masa suna. Akwai Aska, wanda ya fi yarda da shi. Akwai Lauje, mai kaifi a tsakiya, gefe kuma sai a hankali. Akwai Mai Kunya, wanda ba ya nuna halinsa sai an tsuke masa baki, wato an rage ƙofar da haske ke shiga. Yadda yake da gilasai haka yake da mutane. Na sha ganin ya sake ɗaukar hoton ɗan dako don kawai idonsa bai fito sarai ba, mutumin yana cewa ai ba komai, Malam yana cewa da komai. Ba ya yabon abu don a ji daɗi, ba ya kushe shi don a yi dariya. Sau ɗaya tak na ga ya kauce wa wannan ƙa'ida, kuma abin ya tsaya masa a rai har ƙarshen rayuwarsa.

Malam Garba na Bunkure, dattijon da ya girme shi a sana'a, shi ne ya kawo masa kyautar wani gilashi naɗe a cikin tsumma. Da shi ya ci abinci tsawon ƙuruciyarsa, ya ce kuma bai taɓa riƙe wanda ya kai shi kaifi ba. Malam ya kai shi gona ya gwada, hotuna suka fito dishi-dishi. Mu ma mun gani da idonmu, babu ƙaiƙayi babu alamarsa. Ranar kasuwa, shago cike da mutane, Malam Garba ya zo jin sakamako. Malam ya ɗaga gilashin yana dariya ya ce, "Yaya Garba, ashe makaho ka kawo mini in yi masa jagora?" Aka kwashe da dariya, ya rubuta Makaho ya manna. Malam Garba ya yi murmushi ya sha shayinsa, amma daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga shagon.

Ba a jima ba Aska ma ya fara ba da hoto dishi-dishi. Malam ya goge shi, ya canza adafta, ya zargi ƙura. Daga ƙarshe ya miƙo mini kyamara ya ce in saita. Na murza, hoto ya fito tangaram. Ya kawo hoton kusa da idonsa ya duba. Sannan ya ce, "Nasiru, ashe makahon yana bayan kyamara." A asibiti aka tabbatar masa yanar ido ce ta rufe masa gani. Ni abin da ya dame ni idonsa ne, shi kuwa abin da ya hana shi sukuni daban. Ya ce, "Na yi wa gilashin mutum shaidar zur a gaban jama'a."

Ni na kai shi Bunkure a bayan babur. Ya durƙusa ya nemi gafara. Malam Garba ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira, Habu. Amma gilashina ba makaho ba ne." Malam ya ce, "Na sani. Da baki na ɓata shi, amma ba da baki zan wanke shi ba. Sai na kawo maka hoto." Na ce masa mu gwada a kan wani abin mana, tunda an riga an yanke shinkafa. Ya harare ni da idon da ba ya gani sosai ya ce a inda aka kayar da shi, a nan za a tashe shi. Ya kuma hana a cire takardar sunan. Aka yi masa aikin ido ya samu sauƙi, duk da haka ya ce ni zan saita shi ya duba, don shaidar mutum ɗaya ba ta isa ba. Shinkafa ta soma nuna, muka sa rana, sai zazzaɓi ya kwantar da shi.

A wurin zaman makoki na matsa kusa da Malam Isyaku. Ya riga ya yi magana da masu yanka, ga tsuntsayen jan-baki sun sauka a gonakin yankin suna ɓarna. Na ce, "Baba, alfarma nake nema." Bai bari na ƙarasa ba. Ya ce, "Fangalin bakin kanal ko? Na riga na ce kada lauje ya taɓa shi. Tsuntsaye su ci rabonsu. Amma ka hanzarta, ɗana, ta fara zuba."

Washegarin sadakar uku na karɓi akwatin daga hannun Auwalu, muka tafi tare, shi ne shaida na biyu. An yanke gonar duka, sai ɗan fangalin nan tsaye shi kaɗai. Na kafa kyamara inda Malam yake kafawa. Ban tsallake ko ɗaya ba, don na san da zai ce na yi son kai. Na fara da Aska, na bi da Lauje da Mai Kunya da sauran, kowanne a buɗe, kowanne a tsuke. Da na ɗaura Makaho, sai da na tsaya na yi bisimilla kafin na murza. Da muka faɗaɗa hoton, Auwalu ya kalle ni na kalle shi. Kowane silin ƙaiƙayi ya fito daban, daga tsakiya har gefe, inda Aska kansa yake sassautawa.

Na wanke hoton babba na kai Bunkure tare da gilashin. Malam Garba ya sa tabarau ya fito da shi haske. Ya daɗe yana kallo, sai na ga yana sosa wuyansa bai sani ba. Ya ce, "Har jikina nake jin sa." Na miƙa masa gilashin na ce ya cire takardar da hannunsa. Ya sa farce, sai kuma ya fasa. Ya ce, "Bar ta. Rubutun Habu ne." Nan ya rufe fuska da hannun riga, ni ma ban iya riƙe kaina ba.

Akwatin yana wurina yanzu da yardar iyalinsa, kuma akwai gilasan da bai kai ga gwadawa ba. Na ɗauki alkawari, in Allah ya ara mana rai, duk kaka za a same ni a bakin kanal da hantsi, kuma ba zan raɗa wa ko ɗaya suna ba sai wani idon ya duba bayan nawa.

Ya Allah, bawanka Habu ya ji tsoron zaluntar ko da gilashi ne, ka yi masa hisabi mai sauƙi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa ka cika shi da haske, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya da Auwalu da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu, ka haɗa kansu. Ka saka wa Malam Isyaku da Malam Garba da alheri. Mu kuma da muka rage, ka tsare harsunanmu daga shaidar abin da ba mu gani sarai ba, ka sa mu cika da imani. Amin.