Hoton da Na Ce Ba Zai Ɓace Ba

A shekarun da mutane suka yi ta tsallako kogin Komadugu da kayansu a ka, ina aiki a biron, wato ofishin, wata ƙungiyar agaji a Difa. Ni ke kula da ordinata, wato kwamfuta. A ƙuryar biron akwai ɗan ɗaki mai kilim, na'urar sanyaya ɗaki, inda babban injinmu yake, baƙi, tsawonsa ya kai ƙirjina. Inji ɗaya ne, amma an raba cikinsa ya zama kamar injuna huɗu, kowane yana aikinsa bai san da sauran ba: na rajistar ƴan gudun hijira, na rabon abinci, na ƴan likita, sai na masu cigiyar danginsu da suka ɓace. Mu dai ɗakuna muke ce musu.

Kowane ɗaki yana da kundinsa, inda yake rubuta duk matsalar da ya ci karo da ita. Shi ma babban injin yana da nasa, mai tattara na kowa, har da lafiyar ƙarfen kansa: zafi, wuta, faifan ajiya. Mutumin Yamai da ya girka mana shi ya ja mini kunne kafin ya koma, in riƙa karanta babban kundin kowace safiya. Na yi hakan wata biyu ko uku. Daga baya aiki ya sha kaina. Babban kundin dogo ne, layi bisa layi, na ɗakunan kuwa gajeru. Sai na koma duba su kaɗai, ina kurɓar shayi.

Ran Litinin in ga ɗakin abinci ya ce ya kasa karanta wani wuri a faifai, ya sake gwadawa, ya samu. Ran Laraba na likita ya faɗi haka. Sau ɗaya nan, sau biyu can. Sai in ce ɗauke wutar nan ce, da jinkirin gurup, janaretanmu, kafin ya tashi. Ban taɓa jera su a takarda ɗaya ba. Da na jera, da na ga duk faifai ɗaya suke kuka da shi.

A cikin wannan lokacin wani tsoho ya zo daga Gagamari. Manomin tattasai ne daga ƙetaren kogi. Ranar da aka watse garinsu, matarsa ta tafi gaisuwar mutuwa a wani ƙauye, tun daga nan bai sake jin ɗuriyarta ba. Ya zo da hotonta ƙunshe cikin leda uku. Mai karɓar cigiya ya fita ƙauyuka ranar, sai ni na zauna da shi. Hausarsa ta Barebari ce, yana tauna kowace kalma. Na rubuta bayanin, na ɗora hoton a na'urar kwafi, na mayar masa.

Ya bi wayar da ido har zuwa ƙofar ɗakin kilim, ya ce, “Ɗana, in ya shiga can, yana nan ke nan?”

Na ce, “Baba, ko bayan shekara ɗari. Ya fi ledarka tsaro.”

Ya yi dariya, ya sa mini albarka. Bayan mako ɗaya ya aiko mini da ƙullin busasshen tattasai, daga gonar da yake wa ƙodago.

Da bazara faifan ya mutu, wani hantsi, ana tsakiyar rajista. Ɗakuna uku na farfaɗo da su cikin kwana biyu, don kwafinsu yana Yamai. Na cigiya kuwa sunaye kaɗai muke aikawa. Hotuna suna da nauyi, layinmu na intanet ba ya iya ɗauka, shi ya sa nake kwafe su da kaina a wani ƙaramin faifai kowace Jumma'a. Da na buɗe shi, sai na tarar da yawancinsu sun zama zane-zane masu launi, babu fuska. Ashe watanni ina kwafo lalatacce ina shafe mai kyau da shi.

Ranar na buɗe babban kundin. Gargaɗin yana nan tun kafin daminar da ta wuce, kullum, a fili, har da lambar faifan da ya ce a canza. Sabon faifai kuma yana cikin kabad a bayana, ba a ko yage kwalinsa ba.

A rapor, rahoton abin da ya faru, na rubuta zafi da ɗaukewar wuta. Shef, shugabar biron, wata mata ƴar Damagaram da ta yarda da ni ƙwarai, ta sa hannu ba ta tambaye ni komai ba. Muka aika saƙo sansanoni a sake kawo hotuna. Da yawa sun kawo. Na ce a raina shi ma tsohon zai kawo, magana ta ƙare.

Ya zo kuwa, amma hannu rabbana. Gobara ta tashi a layin bukkokinsu da rana yana gona, iska ta kwashe ta, ba a fitar da ko tabarma ba. Ya zauna a bencin ƙofa, ya ce in fito masa da hoton daga inji. Har da fara'arsa ya faɗa, kamar mai karɓar ajiya.

Na durƙusa a gabansa na gaya masa. Ban ce zafi ba, ban ce wuta ba. Na ce injin ya daɗe yana faɗa mini ba shi da lafiya, ni ne ban duba ba. Ya riƙa murza gefen rigarsa. Na so ya zage ni.

Can ya ce, “Amma kai ka gan shi.” Matarsa yake nufi.

Na ce na gan ta.

“To, ku masu yawo ne. In ka je Maine, in ka je Damagaram, ka riƙa duba mutane. Idona ya rage.”

Na ce, “To, Baba.”

Gaskiyar ita ce ban riƙe fuskarta ba. Na tuna ɗankwali kore, na tuna gefen hoton a karye yake. Hankalina ranar yana kan na'urar, kada ta cije. Wannan ban iya gaya masa ba, ya tafi yana ganin akwai mutum biyu a duniya masu nemanta.

Washegari na je wurin shef na faɗa mata abin da ban sa a rapor ba. Ta ce in sake rubutawa. Ba a kore ni ba. Na ƙara shekara biyu a biron, sunan matar yana cikin jerin cigiya babu hoto. Na aika a duba tsohon a Gagamari sau biyu. Karo na biyu aka ce ya bi wasu ƴan garinsu sun yi yamma bayan girbi, ba wanda ya san inda suka sauka.